A tayar da ita ko a bar ta da tsatsarta? Muhawara kan motocin yaƙin 1914

Bakaniken Panteka:
Salamu alaikum 'yan zaure. Masu ilimin tarihi ku taimaka mini da wannan, don ya tsaya mini a wuya. A arewacin Faransa akwai ƙauyen da ake kira Flesquières. A nan aka tono wata tankar yaƙi ta Ingila a 1998, wadda take binne tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. An tono ta, an zuba kuɗi an gina mata gida nata na kanta, amma ita tankar an bar ta yadda aka same ta, gaba a farfashe, jiki duk tsatsa. Mu dai a sana'armu, mota in ba ta tashi ba ƙarfe ce kawai. Da rabin kuɗin ginin nan aka ba ƙwararrun maƙera da 'yan walda, da yanzu tana tafiya da ƙafarta. Ko Turawan ne suka rasa masu hannu?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Oga. Deborah kake nufi, mai lamba D51. Samfurin Mark IV ce, irin wadda sojoji ke kira mace, wato mashinga kawai take ɗauka, babu igwa a gefenta.

Ranar 20 ga Nuwamba 1917 Ingila ta fito da tankoki 476 a yaƙin Cambrai, garin da ke kusa da Flesquières, 378 daga ciki na faɗa, sauran na dakon kaya da janye waya mai ƙaya. A wurare da dama sun keta layin Jamusawa ba wuya, amma a tudun Flesquières suka ci karo da 'yan igwa waɗanda an riga an horar da su kan harbin tanka. Deborah ta ratsa cikin ƙauyen, tana fitowa ta ɗaya ɓangaren igwa ta same ta, ba sau ɗaya ba. Mutum 8 ne a cikinta. Kwamandansu, wani matashin hafsa mai suna Frank Heap, ya fito da waɗanda suka tsira ya koma da su baya, har aka ba shi lambar yabo. Waɗanda suka mutu suna kwance a maƙabartar sojojin Ingila da ke ƙauyen. Daga baya aka ja gangar jikin aka tura a rami aka rufe.

Wanda ya gano ta, Philippe Gorczynski, mai otal ne a Cambrai. Shekaru ya yi yana nema, kuma abin da ya sa shi a hanya shi ne labarin wata tsohuwa da ta ce tana yarinya ta ga ana binne tanka. To Oga, wannan farfashewar da kake so a yi wa walda, ta nan mutuwa ta shiga wa mutanen.

Bakaniken Panteka:
Allah Sarki. Amma Malam, ai ba a ce a manta da su ba. A ɗauki hoto, a rubuta sunayensu a bango, sannan a gyara motar.

Ɗan Damagaram:
Ni a Lille nake zaune, kuma na je wurin. An buɗe shi a 2018, yana manne da maƙabartar. Ginin na kankare ne, ana gangarawa ƙasa kafin a iske ta. Oga, hoto ba ya nuna abin. In ka tsaya gabanta sai ka ga sulken, wanda kaurinsa bai wuce milimita 12 ba inda ya fi kauri, ya tsage ya lanƙwashe. Ka leƙa ciki ka ga ƙuncin wurin, ka tuna mutum 8 ne da injin a tsakiyarsu. Mutane suna shigowa da surutu, suna isa gabanta sai su yi tsit. In aka yi mata sabon gaba aka shafa fenti, abin da zai rage shi ne tanka mai kyau, kuma tankoki masu kyau suna nan a wasu gidajen tarihi.

Hajiya Mai Adana Kaya:
Bari in sa baki, tunda abincina ke nan. Oga, ba a bar ta haka don lalaci ba. Barin ƙarfe yadda yake aiki ne mai wuya, wani lokaci ya fi gyara wuya. Ƙarfen da ya yi kusan shekara 80 a ƙasa ya sha gishirin ƙasa, kuma da zarar ya fito ya haɗu da iska mai laima tsatsa za ta ci gaba da cinsa daga ciki. Sai an share ƙasar a hankali, an tsayar da tsatsar, an ajiye shi inda laima ba ta kai masa. Shi ya sa ginin. Kuɗin da kake ganin an ɓata a bango, tankar aka kashe wa.

Ƙa'idarmu kuma ɗaya ce: kada ka yi wa tsohon abu abin da na bayanka ba zai iya warwarewa ba. In ka shafa kakin kariya, gobe ana iya gogewa. In ka yanke farantin ƙarfe na 1917 ka jefar, ka sa na bana, shi ke nan har abada.

Bakaniken Panteka:
Hajiya, na ji, kuma ina girmama aikinku. Amma ku masu gidan tarihi kun ɗauki mota kamar tukunya ko takobi, abin da ake kallo. Mota ba haka take ba. Rabin iliminta yana cikin motsinta.

Ga misali. Na bi yadda ake tuƙa Mark IV ɗin nan. Mutum 4 ne ke tuƙi. Direba yana gaba da babban giya, kwamanda yana riƙe da birki, sannan mutum 2 a baya, kowa da giyar ƙafa ɗaya. In za a juya sai an tsaya, direba ya buga ƙarfe a jikin injin ya yi musu alama da yatsu, don ƙara ba ta bari a ji magana. Injin Daimler mai ƙarfin doki 105 yana jan tan 28, gudunta bai fi kilomita 6 a awa ba, tafiyar mai sauri a ƙasa. Tayar da shi ma sai mutum 4 sun kama hannun murɗawa tare. Zafi a ciki yana kai digiri 50, ga hayaƙi mai sa suma. To wannan duk a takarda na gani. Yaron da zai tsaya ya ji ƙarar, ya shaƙi warin man, ya ga ƙasa tana rawa, ya fi ni sanin abin da mutanen nan 8 suka sha. Wanne ya fi girmama su?

Abba Ƙarami:
Oga ya kawo wuta fa. Hajiya, muna jiran amsa.

Malamin Tarihi:
Kafin Hajiya ta amsa, Oga, abin da kake so an taɓa yi, kuma an daina. Gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila yana da Mark IV ta asali da Mark V, kuma an sha tayar da su a gaban jama'a. Sai aka lura ƙarfen ya tsufa ya yi gautsi, kowace tafiya tana ƙara tsaga a jikinsu. Ka tuna tankokin nan ba su da sifirin ko ɗaya, duk girgizar ƙasa jikin ne ke shanye ta, kuma farantan da ribit aka haɗa su. Aka tsayar da su. Yanzu wadda suke fitowa da ita ranar taro kwaikwayo ce da aka ƙera don wani fim, a kan kayan motar haƙa ƙasa ta zamani, suka saye ta. Mai kallo yana ganin girma da motsi, ta asali kuma tana hutawa a ciki.

An ƙera Mark IV kusan 1,220. Waɗanda suka rage a duniya ba su kai 10 ba.

Bakaniken Panteka:
Injin motar haƙa ƙasa? Haba Malam. Wannan ai dodon kara ne. Ƙarar dizal ta zamani ina ta haɗu da ta Daimler?

Hajiya Mai Adana Kaya:
Nan kam na yarda da kai, ba ƙararta ba ce. Amma ka ji adadin da Malam ya faɗa. Abin da ya rage ɗaiɗai ba a caca da shi. Ɗauki Mephisto. Jamus tankoki 20 kacal ta ƙera na samfurin A7V, kuma Mephisto kaɗai ta rage. Ta faɗa ramin bam kusa da Villers-Bretonneux a Afrilun 1918, sojojin Ostireliya suka jawo ta cikin dare a watan Yuli, aka kai ta Brisbane a 1919. Ta yi shekaru da dama a waje tana shan rana da ruwa kafin a shigar da ita ɗaki. Da Jamusawa suka so tasu, ba su ce a ba su ita su tayar ba, sai suka ƙera sabuwa a kan ma'auninta, tana gidan tarihinsu na Munster. In injin Mephisto ya fashe a hannun bakanike, a wace kasuwa za a samo wani? Ƙofar Ruwa?

Baba Tsohon Direba:
Yara, duk kun tattara a kan tanka. Tanka ado ce. Yaƙin nan manyan motocin dakon kaya ne suka ɗauke shi, su da dawaki da alfadarai. Mahaifina a soja ya koyi tuƙi, zamanin yaƙin Bama, kuma ko a lokacinsu hannun murɗawa bai ɓace ba. Abin da ya fara koya mini shi ne kada ka zagaye hannun da babban yatsa. In wuta ta riga fistin isa sama, injin zai mayar da hannun baya, ya karya maka wuyan hannu. Wannan ba a gane shi a bayan gilashi. Ina bayan Oga.

Malamin Tarihi:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma a nan ne maganar Oga take da ƙarfi. Manyan motocin ba kamar tankokin ba ne, dubbai aka ƙera.

Tun kafin yaƙin gwamnatin Ingila ta ɓullo da wata dabara: ɗan kasuwa ya sayi babbar mota irin wadda soja suka amince da tsarinta, a riƙa ba shi tallafi, da sharaɗin ranar da yaƙi ya tashi za a karɓe ta. Daga nan aka sami irin su Thornycroft J, da Dennis, da Leyland. Amurka kuma da ta shiga a 1917 sai ta zana mota ɗaya, Liberty, ta raba wa kamfanoni da yawa su ƙera iri ɗaya don kayan gyara su dace da juna.

A Faransa, lokacin yaƙin Verdun a 1916, Jamusawa sun katse manyan layukan dogo, sai hanya ɗaya ta rage daga Bar-le-Duc, kimanin kilomita 75, da wani ƙaramin layin dogo a gefenta. Motoci fiye da 3,000, da yawansu ƙirar kamfanin Berliet, suka riƙa bin ta dare da rana, mako guda su kwashi mutum kusan 90,000 da kaya tan 50,000. Motar da ta lalace ture ta ake yi gefe don kada layi ya tsaya. Dubban leburori, har da 'yan ƙasashen da Faransa ke mulka, suna tsaye a bakin hanya suna watsa tsakuwa ƙarƙashin tayoyi.

Da aka gama yaƙin aka tara dubban motoci a Slough, yamma da Landan, aka yi ta gyarawa ana sayarwa. Tsofaffin sojoji da yawa da su suka fara sana'ar sufuri. Leyland ma sayen nasu suka yi ta yi suna sake gyarawa, don kada ruɓaɓɓu su ɓata musu suna. Irin waɗannan motocin ne masu sha'awa suke tsintowa yau, wani shasi a ƙarƙashin tirelar gona, wani an gina ɗaki a kansa.

Bakaniken Panteka:
Yawwa! To waɗannan mutanen su ne 'yan'uwana. Na ga yadda suke aiki, kuma wallahi ba abin da zai ba ɗan Panteka mamaki sai haƙurinsu. Mutum zai samo shasi a nan, injin a wata ƙasa, giyabos a wata. Abin da babu shi sai a sassaƙa shi da katako, a danna a yashi, a narka ƙarfe a zuba, daidai yadda masu zubin tukwane ke yi a nan. Mital ɗin kiranshaf ba sayensa ake yi a kwali ba. Farin ƙarfe ake narkawa a zuba a mazauninsa, a gyare shi a injin, sannan a shafa shuɗin alama a juya, inda ya taɓa a kankare da hannu, a sake, har ya zauna. Bulok in ya tsage ba a cika sa masa wuta ba, don ƙarfen zubi yana ƙara tsagewa in ya huce. Ɗinke shi ake yi a sanyi, a huda ƙananan ramuka a jere a dasa makullai. Kulocin wasu fata ce a jikin mazurari. Tayar roba ce zalla babu iska, an manne ta a zoben ƙarfe, sai da injin matsi mai ƙarfin gaske ake cusa ta a wili. Wuta daga maganeto take zuwa, babu ruwanta da batir, fitila kuma ta kananzir ko ta kabaid.

Duk wanda ya yi wannan aikin ya dawo da ilimin da ya mutu. Hajiya, wannan ba adanawa ba ne?

Hajiya Mai Adana Kaya:
Adanawa ne, amma sana'ar aka adana, ba motar ba. Kuma ban raina shi ba. Tambayata ita ce, motar da shasinta daga gona, injinta daga wata ƙasa, bodinta katakon bana, a ce mata wa? Wace rana ta je yaƙi?

Bakaniken Panteka:
Hajiya, gidan ƙasa na kakanninmu duk shekara sai an yi masa yaɓe. Bayan shekara 100 ƙasar da ke jikin bangon ba ta farko ba ce, amma ba wanda zai ce ba gidan ba ne. Wanda aka ce kada a taɓa shi, shi ne ke zama kufai. Su kansu sojojin a 1916 cire injin wannan suke yi su sa wa waccan. Motar da ba a taɓa canja mata kaya ba, ba ta yi aiki ba.

Malamin Tarihi:
Akwai misalin da ya faɗa tsakiyarku. Bas ɗin Landan samfurin B, wanda aka fara a 1910, mai hawa biyu, sama a buɗe, kujeru 34. Da yaƙi ya tashi aka kwashi kusan 1,000 aka tura Faransa da Beljiyam. Na farko sun tafi da jan fentinsu da tallace-tallacen da ke jikinsu, daga baya aka cire gilasai aka buga katako aka shafa kalar soja. Wasu ma ɗakin tattabarun kai saƙo aka mayar da su. A 2014 gidan tarihin sufuri na Landan ya kammala gyaran ɗaya, B2737, da kayan asali da aka tattaro da kuma waɗanda aka ƙera sababbi. Suka fito da shi ja kamar yadda yake ɗaukar fasinja, bayan 'yan watanni suka mayar da shi kalar soja, suka kai shi ya zaga filayen yaƙin da ƙafarsa. Amma wani bas ɗin, B43, wanda aka ajiye tun bayan yaƙin don tunawa, ba a yi masa wannan wasan ba.

Wato gida ɗaya na iya yin duka biyun. Abin dubawa shi ne me ke jikin motar da ba a iya samu a wani wuri.

Mai Gaskiya Ɗaci:
Ni fa ina ta karatu ina mamaki. Turawa sun yi yaƙinsu, sun kashe junansu, mu kuma muna nan muna jayayya kan tsatsarsu. Kakanninmu da aka kwasa a yaƙin nan a wace mota suka hau? A ka suka ɗauki kaya. Wa ya gina musu gidan kankare?

Malamin Tarihi:
Ɗan'uwa, ƙorafinka yana kan hanya. Sojojin Rundunar Najeriya sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Mora da sauransu, sannan aka kai su Gabashin Afirka. A can babu hanyar mota ta kirki, ƙudan tsando kuma yana kashe dabbobi, sai aka koma kan ɗan Adam. 'Yan dako da suka mutu a ɓangaren Ingila kaɗai a Gabashin Afirka sun kai kusan 95,000, akasari yunwa da cuta. Amma ni a ganina sanin motocin ne ke fito da wannan fili. In ka san abin da Berliet 3,000 suka yi a Verdun, sai ka gane nauyin da aka ɗora wa wuyan mutane a inda babu su.

Mai Gaskiya Ɗaci:
To a riƙa faɗin haka ɗin. Kada a tsaya a fenti.

Ɗan Damagaram:
Tunda an zo gida, bari in ƙara. Akwai motocin zamanin da suka taka ƙasarmu. Adolphe Kégresse Bafaranshe ne da ya riƙe garejin sarkin Rasha, ya ƙirƙiro ƙafar roba mai kama da ta tanka a bayan mota, gaba kuma taya, don tafiya a dusar ƙanƙara. Sojojin Rasha sun sa ta a motocin sulke. Da ya dawo Faransa sai kamfanin motoci na Citroën ya ɗauke shi. Motoci 5 irin wannan suka ƙetare Sahara daga Touggourt zuwa Tumbuktu, Disambar 1922 zuwa Janairun 1923. A ƙarshen 1924 kuma wasu 8 suka taso daga Colomb-Béchar, suka biyo ta Yamai da Zinder zuwa Tafkin Chadi. Ba yawon buɗe ido kawai ba ne, masu mulkin mallaka suna son sanin ko mota za ta haɗa musu Aljeriya da ƙasashen kudu. Daga wannan dabarar ne Amurka ta samo motocinta masu rabin ƙafar tanka na Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da zai yi wa Hajiya daɗi: jagorar motocin 1922, Scarabée d'Or, tana nan a ajiye. Da Citroën zai cika shekara 100 a 2019, ɗalibai ne suka auna ta suka ƙera wata sabuwa mai tafiya. Abin da zai yi wa Oga daɗi kuma: ba injin motar haƙa ƙasa suka sa ba, yadda take suka bi.

Bakaniken Panteka:
To ka ga wannan na yarda da shi. In za a yi kwaikwayo a yi shi har ciki. Yaran da suka yi aikin nan sun fita da sana'a a hannu.

Abba Ƙarami:
Tambaya daga ɗalibi. Na taɓa jin wai tasi ce ta ceci Faris. Gaskiya ne ko labarin shayi?

Ɗan Damagaram:
Rabi da rabi, ƙanena. A daren 6 da 7 ga Satumba 1914 Janar Gallieni ya sa aka tattaro tasi kusan 600, yawancinsu Renault masu silinda 2, suka kai sojoji 'yan dubbai bakin daga a yaƙin Marne. A yaƙin da mutum fiye da miliyan suka gwabza, wannan bai sauya komai ba, sai dai ya ƙarfafa wa jama'a gwiwa. Direbobin ma mitarsu na kunne, gwamnati ta biya kusan faran 70,000. Akwai ɗaya a gidan tarihin soja na Invalides da ke Faris.

Abba Ƙarami:
Ɗan tasi ɗan tasi ne ko a ina. Ƙasa na cin wuta, shi yana duba mita.

Baba Tsohon Direba:
Kai yaro, mai da kuɗi ake saye. Ka taɓa ganin gidan man da ke karɓar kishin ƙasa?

Hajiya Mai Adana Kaya:
Ni abin da ya fi damuna ba masu gyara ba ne. Ni da Oga duk muna son abin ya rayu. Abokin gabarmu mai sikeli ne. Bayan yaƙin Ingila ta raba tankoki fiye da 200 ga garuruwan da suka tara kuɗin yaƙi, aka girke su a dandali. Kusan duka an yanka su an narkar, wasu tun kafin Yaƙi na Biyu, sauran a cikinsa. Ta garin Ashford ce ta tsira a inda aka ajiye ta, kuma dalilin abin dariya ne: a 1929 an cire kayan cikinta an sa na'urar rarraba wutar lantarki. Yanka ta na nufin garin ya shiga duhu.

Haka Renault FT, 'yar ƙaramar tankar Faransa mai mutum 2, wadda ta fara zuwa da hasumiya mai juyawa ko'ina, tsarin da tankoki ke bi har yau. A 2003 aka tsinci wasu a cikin tarin ƙarafa a Kabul. Busasshiyar iska ce ta riƙe su. Ɗaya Afganistan ta ba Foland a 2012, don ana jin daga hannun sojojin Foland 'yan Bolshebik na Rasha suka ƙwace ta a 1920, kuma Folawa sun gyara ta har ta tashi. Ban yi musu faɗa ba, FT da dama sun rage.

Mu nan iskarmu ta arewa tana riƙe ƙarfe kamar ta Kabul. Amma tsohuwar Bedford ko tsohon injin jirgin ƙasa in ya kwana biyu a fili, 'yan gwangwan sun auna shi.

Bakaniken Panteka:
Hajiya, kada ki taɓa 'yan gwangwan, abokan cinikina ne, kuma cikinsu suke nema. Laifin na wanda ya san darajar abu ne ya bar shi a fili. Ni da kaina na sha sayen tsohon kaya a hannunsu da kuɗin kilo don kawai kada ya shiga wuta.

Amma kin ce FT an tayar ba ki yi faɗa ba. Ke nan ba tayarwar kike ƙi ba.

Hajiya Mai Adana Kaya:
Ban taɓa cewa ina ƙi ba. Abu uku nake tambaya kafin a sa sifana. Nawa suka rage? Me ya faru a cikin wannan ɗin takamaimai? Kuma me za a jefar kafin ta tashi? Deborah ta faɗi a duka ukun. Thornycroft da aka ciro daga ƙarƙashin tirela ta ci duka ukun, a gyara ta, a hau, a yi ta hayaƙi. Sharaɗina ɗaya, duk sabon ƙarfen da ka ƙera ka buga masa shekara a inda ido ba ya gani, tsohon da ka cire kuma ka sa masa lamba ka ajiye, ka rubuta abin da ka yi. Don wanda zai buɗe ta bayan shekara 50 kada ya ɗauka aikinka na 1916 ne.

Bakaniken Panteka:
In har zai ɗauka na 1916 ne, ai na iya aiki ke nan.

Hajiya Mai Adana Kaya:
Shi ya sa na ce ka buga shekarar.

Bakaniken Panteka:
Zan buga. Amma a kan Deborah ban sauka gaba ɗaya ba. A bar mata raunukanta, na ji. Sai dai a gefenta ya kamata a ce akwai injin Daimler ɗin nan a kan benci, ko sabon ƙira ne, ana tayar da shi ko sau ɗaya a wata.

Malam, shi injin nan an ce ba shi da bawul irin namu. Yaya yake shaƙa yake fitarwa?

Malamin Tarihi:
Tsarin Knight ne. Maimakon bawul, hannayen riga biyu na ƙarfe ne tsakanin fistin da bangon silinda, ɗaya cikin ɗaya, suna hawa suna sauka. Akwai tagogi a jikinsu, in suka dace da juna hanya ta buɗe, in suka saɓa ta rufe. Ba shi da ƙara sosai a motar alfarma, amma sai an yi ta shayar da hannayen baƙin mai, shi kuma yana ƙonewa, hayaƙin yana tona wa tanka asiri daga nesa. Shi ya sa a Mark V ta 1918 aka koma injin Harry Ricardo mai doki 150, aka haɗa da giyar Walter Wilson, mutum ɗaya ya iya tuƙi.

Bakaniken Panteka:
Hannun riga biyu a silinda ɗaya, silinda 6, ke nan 12, kuma kowanne sai ya zame ba tare da ya kama ba in ya yi zafi. Zubinsu ba zai gagara ba, gogewar ciki ce aikin. Ɗan Damagaram, in ka sake bi ta wani gidan tarihin da ke da irin injin nan a buɗe, ka ɗauko mini hoton sandar da ke motsa hannayen, ta gefe, da wani abu kusa da ita da zan gane girmanta.

Ɗan Damagaram:
In sha Allah, Oga. Zan ajiye biro kusa da ita, in masu gadi sun bari.